Hedfon mai buɗaɗɗen baya mai araha: ya sautinsa yake, kuma zai zaunu a kai awa shida?

"Assalamu alaikum malam. Ni dai tunda nake iyafis ɗin waya nake amfani dashi, yanzu kunnena ya fara gajiya, ina so in sayi babban hedfon irin mai buɗaɗɗen bayan nan amma ba mai tsada ba. Ina zama gaban kwamfuta kamar awa 5 zuwa 6 a rana, ina jin waƙa da karatu, wani lokaci gem, kuma ina sa gilashi. Wasu sunce min irin wannan ba shi da bes ko kaɗan, wasu kuma sunce in ban haɗa da amfilifaya ba asarar kuɗi zanyi. Waɗanda na gani sune Philips SHP9500, Sennheiser HD 560S, HiFiMan HE400se da Beyerdynamic DT 990 Pro. Dan Allah wanne yafi sauti, kuma wanne ne ba zai dameni a kai ba?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimceka daidai abu uku kake nema ka sani, ko da gaske ne babu bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, ko dole sai da amfilifaya, na'urar da take ƙara wa hedfon wuta, sai kuma wanne cikin huɗun nan zai yi maka awa shida a kai da gilashi ba tare da ka ƙosa ka cire shi ba. Na ji daɗi da ka saka maganar awa shida da gilashin nan, dan yawancin masu tambayata sauti kawai suke tambaya, sai bayan sun saya suke gane cewa hedfon ɗin da ba ka iya zama dashi awa biyu komai daɗin sautinsa a kan tebur zai ƙare. Ni aikina haɗa sauti ne da gyaran muryoyin da aka ɗauka, akwai ranakun da hedfon yake kaina tun safe har dare, dan haka mafi yawan abinda zan faɗa maka daga wannan zaman na same shi.

Me buɗe bayan yake canzawa

A cikin kowane kofin kunne akwai 'yar sifika mai tantani siriri da yake kaɗawa gaba da baya. In ya kaɗa gaba sauti ya tafi kunnenka, in ya koma baya kuma wani sautin ne yake fita ta bayansa, daidai ƙarfin na gaba. Toh a hedfon mai rufaffen baya wannan sautin na baya ba shi da hanyar fita, sai ya bugi bangon kofin ya dawo ya sake bugun tantanin, shiyasa masu araha a cikinsu zaka ji murya kamar mutum yana magana cikin kwali ko cikin tulu. Kamfanoni suna cusa auduga da soso dan su shanye wannan amsa-kuwwar, kuma masu kyau suna iyawa, amma aiki ne mai wahala da cin kuɗi. Mai buɗaɗɗen baya raga kawai aka sa masa, sautin baya ya fice iska ta ɗauka shikenan. Kaga dalilin da yasa a ƙaramin kuɗi buɗaɗɗe yakan fi rufaffe tsaftar murya, ba wani sirri bane, matsalar da ɗayan yake fama da ita shi tun farko bai ɗauko ta ba.

Kuma abin ba sabo bane. Sennheiser ne suka fara fito dashi a 1968 da HD 414, AKG suka kawo K240 a 1975 wanda shi rabi ne a buɗe, Koss Porta Pro ya zo a 1984, HD 600 na Sennheiser kuma a 1997, kuma har yau ana sayar da K240 da Porta Pro da HD 600 ɗin. Na kawo shekarun nan ne dan ka san cewa wannan ba irin kayan da sabon fitowa yake kashe tsoho duk shekara bane, in ka sayi mai kyau ka kula dashi zai daɗe a hannunka sosai.

Amma akwai abinda zaka biya, kuma gara ka ji shi tun kafin mu yi nisa. Ragar da take fitar da sauti ita ce kuma take shigo dashi. Fanka, hirar mutane, ƙarar mota, duk zaka ji su kusan kamar ba ka sa komai ba, wanda ke zaune kusa da kai shima zai ji abinda kake ji. In ɗakin da kake aiki akwai hayaniya, ko kuna raba ofis da wasu, ko kana ɗaukar murya da makirufo a gabanka, toh maganar ta ƙare tun anan, rufaffe zaka nema. Ba wai dan damuwa kaɗai nake faɗa ba, harda lafiyar kunne, dan a cikin hayaniya mutum ƙara boliyum yake yi bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 80 (desibel shine awon ƙarfin ƙara) na awa 40 a sati ga babban mutum, in ka kai desibel 90 kuma awa 4 ne kacal a satin gaba ɗaya. Kai da kake awa 5 zuwa 6 kullum wannan lissafin ya shafe ka kai tsaye.

Maganar bes

Waɗanda suka ce maka babu bes basu yi ƙarya gaba ɗaya ba, sun dai zarce. Sautin bes igiyarsa doguwa ce, na 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a iska tsawonsa ya kusa mita 7, kofin kunne kuwa santimita kaɗan ne, dan haka iskar da tantani ya tura gaba tana samun damar zagayowa ta cike gurbin da ya bari a baya, sai su kashe juna. Abinda yafi shan wannan shine can ƙasan bes, daga wajen 60 Hz zuwa ƙasa, wannan rugugin da kake ji a fim in abu ya fashe ko a waƙoƙin da aka yi da kwamfuta. Amma bugun ganga da jita mai kauri, wanda yake zaune tsakanin 80 zuwa 200 Hz, yana nan daram, kuma sau da yawa ya fi fitowa tsaf dan ba ya kumbura ya danne muryar mawaƙi.

Abinda zai faru da kai shine, kwana biyu ukun farko zaka ji kamar an rage maka wani abu, saboda iyafis toshe ramin kunne yake yi gam, kuma yawancinsu an ƙara musu bes da gangan. Kar ka yanke hukunci a ranar farko. Ka ba shi sati guda kana amfani dashi shi kaɗai, sannan ka koma kan iyafis ɗin ka ji. Mutane da yawa suna cewa wai hedfon ɗin ne ya "nuna" bayan an kunna shi awa ɗari, ni a abinda na gani kunnen mutum ne yake sabawa, sai kuma soson kunne da yake laushi ya zauna daidai da fuska. Ba sai ka bar shi yana ta kaɗe-kaɗe cikin durowa dare da rana ba.

In kuma bayan satin ka ji har yanzu kana kewar rugugin nan, wannan ba laifi bane kuma ba rashin sanin sauti bane. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, wanda ya haifar da abinda ake kira ma'aunin Harman, ya nuna yawancin masu sauraro sun fi son a ɗan ɗaga ƙasan bes sama da yadda yawancin buɗaɗɗun hedfon suke bayarwa. Maganin wannan ikwalaiza ce, wato manhajar da ake ƙara ko rage wani ɓangaren sauti da ita, zan dawo kanta.

Inda rigimar take da gaske: siririn sauti

Kowa bes yake tambaya, amma abinda yake sa mutum ya tsani hedfon bayan awa biyu yawanci can sama yake, wajen 6 zuwa 10 kHz (kHz ɗaya Hz dubu ne), inda harafin "s" da "sh" da "ts" suke zaune, da ƙarar farantan ƙarfen ganga. In hedfon ya ɗaga wannan wurin, a minti biyar na farko zaka ce kai wannan ai komai yana fitowa, har numfashin mawaƙi kana ji. Bayan awa ɗaya sai ka ji kana rage boliyum, bayan awa biyu kanka ya ɗau zafi. Kai da kake jin karatu sosai wannan yafi komai muhimmanci, dan murya tsura babu kiɗan da zai rufe mata kaifin, kowace "s" sai ta soke ka.

Kuma anan ne shawarata take da iyaka. Sautin 10 kHz tsawon igiyarsa bai wuce santimita 3 da rabi ba, wato daidai girman lanƙwashe-lanƙwashen kunnen mutum, ramin kunnen kansa kuma yana ƙara ƙarfin sauti a wajen 3 kHz, kowa da inda nasa yake faɗawa. Dan haka hedfon ɗaya, ni in ji shi da kaifi kai ka ji shi daidai, kuma duk cikinmu babu mai ƙarya. Shekaru ma suna shiga ciki, dan jin saman sauti raguwa yake da girma. Zanen awon sauti da ake nunawa yana da amfani sosai daga ƙasa har zuwa tsakiya, amma in aka haura 8 kHz ka ɗauke shi a matsayin nuni kawai, kunnenka ne alƙali.

Sai faɗin sauti, wanda shine abinda ake yawan zuzutawa. Gaskiya ne zaka ji sautin ya ɗan fita daga tsakiyar kanka, kayan kiɗa sun samu sarari tsakaninsu, a gem kuma zaka fi gane ta ina takun ƙafa yake zuwa. Amma kar ka sa ran zai zama kamar manyan sifiku biyu a ɗaki, ba zai kai nan ba ko da mai tsadar ne. Abinda ni nafi ji a jikina shine rashin wannan toshewar, kana jin muryarka daidai in kayi magana, ba ka jin bugun jininka a kunne, kuma wannan kaɗai yana rage gajiya fiye da yadda mutum zai zata.

Zama a kai

Nan ne nafi so ka tsaya ka karanta a hankali. Mutane nauyi kawai suke dubawa a jikin kwali, alhali nauyi ɗaya ne cikin abubuwa da yawa, kuma ba shine babba ba. Hedfon hanya biyu yake riƙe kansa, ko dai ya matse gefen kai ko ya zauna a tsakar ka, duk abinda aka rage a ɗaya sai ya koma ɗayan. Mai matsi sosai yana damun muƙamuƙi da gefen ido, mai sako-sako kuma duk nauyinsa a tsakar kai yake tarewa, in madaurin saman siriri ne sai ka ji wani wuri guda yana zafi kamar an ɗora maka yatsa an danna. Shiyasa zaka iya samun mai giram 380 da faffaɗan madauri yafi mai giram 260 daɗin zama.

Ga mai gilashi matsin gefe shine abokin gaba na farko, dan hannun gilashin yana shiga tsakanin soso da ƙashin bayan kunne, duk matsin sai ya taru a wannan siririn layin. Abu biyu ne suke taimako, soso mai laushi wanda hannun gilashin zai nutse a ciki, da gilashi mai siririn hannu wanda ya kwanta a fata. Labari mai daɗi anan shine buɗaɗɗen hedfon mai soson yadi ba ya asarar bes sosai in gilashi ya ɗan ɗaga soson, saɓanin rufaffe mai fatar roba wanda 'yar ƙaramar kafa take zubar masa da bes.

Sai zurfin kofin da faɗinsa, wanda kusan babu mai maganarsa. In kunnenka yana taɓa yadin da ya rufe sifikar a ciki, ko gefen soson yana danne saman kunnen, a minti goma ba za ka ji komai ba, amma guringuntsin kunne ba ya yafe wannan, bayan awa biyu zai yi ja yayi zafi. Na taɓa sayen wani hedfon da nake matuƙar son sautinsa, na yi wata uku ina lallaɓa shi, ƙarshe dole na rabu dashi saboda kunnena na hagu yana gogar ciki, milimita biyu ko uku ne kawai suka raba mu. Tun daga lokacin kafin in saurari komai sai na fara sa hedfon a kai shiru na minti ashirin tukunna. Kunne dogo ne ba zagaye ba, dan haka kofi mai siffar ƙwai yakan fi dacewa da yawancin mutane, sai dai in zagayayyen yana da girma sosai.

Soson kansa kuma, wannan shine abinda na fi so mutane su gane, ba kayan jin daɗi kaɗai bane, rabin sautin a jikinsa yake. Shi yake tsayar da nisan sifika da kunne, shi yake tsayar da yawan iskar da take tsakaninsu da yadda take fita. Mai yadin karammiski yana shan iska, ba ya tara gumi, amma yana kama ƙura da gashi kuma yana barin ɗan bes ya tsere. Mai fatar roba yana riƙe bes amma yana zafi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya fara ɓarewa. Duk soso yana lotsewa da amfani, in ya lotse sifika ta matso kunne, sautin ya canza, yawanci yayi duhu ya cushe, faɗin ya ragu. Sau da yawa mutum zai kawo min hedfon yace ya lalace, in duba in ga soso ne kawai ya mutu. Dan haka kafin ka saya ka tabbata ana cire soson kuma ana samun na canji, in zaka canza kuma ka nemi irin na asali, dan soso daban sauti daban ne, na sha ganin wanda ya sa mai kauri na fata dan neman laushi ya ɓata sautin gaba ɗaya.

In sabon hedfon ya matse ka, ka jera littattafai su ɗan fi faɗin kanka kaɗan ka ɗora shi a kai ya kwana, ka gwada da safe, in bai isa ba ka sake. A hankali ake yi, kuma in zaka lanƙwasa da hannu ƙarfen kaɗai zaka taɓa, robar tsagewa take. Matsi ana iya rage shi, amma kofin da yayi wa kunnenka kaɗan babu dabarar da zata gyara shi.

Huɗun da ka lissafa

Philips SHP9500 shine mafi sauƙin sha'ani a cikinsu. Om 32 ne (om shine awon yadda hedfon yake turje wa wutar da take shigarsa), sifikar milimita 50, kowace waya ko kwamfuta zata tuƙa shi, wayarsa ana cirewa kuma bakin 3.5 ne na gama-gari, in ta lalace ko'ina zaka samu wata. Matsinsa kaɗan ne ƙwarai, wanda ga mai gilashi alheri ne, sai dai in ka sunkuya zai iya zamewa, kuma kofin faɗi ne dashi amma ba zurfi, mai kunnen da ya ɗan fito waje zai iya taɓa ciki. Sautinsa a buɗe yake, murya tana fita, ƙasan bes ne yake da rauni kuma samansa yana da ɗan kaushi.

Sennheiser HD 560S ya fito a 2020, om 120, nauyinsa wajen giram 240, kofin mai siffar ƙwai ne da soson karammiski, kuma an karkata sifikun su fuskanci kunne ta gaba. A cikin huɗun shine sautinsa yafi kusa da daidai, ba ya ƙara gishiri, bes ɗinsa ya fi na SHP9500 sauka ƙasa, murya kuma tana zama inda ya kamata. Wasu suna jin shi da ɗan bushewa ko haske a sama. Yana zuwa da matsi a sabonsa, da gilashi zaka ji shi a kwanakin farko, amma irin matsalar da littattafan nan suke magancewa ce.

HiFiMan HE400se shi ginin cikinsa ma daban ne. Sauran ukun naɗin waya ne a manne da tantani yana tura shi daga tsakiya, shi kuwa tantani ne shimfiɗaɗɗe mai zanen waya a jikinsa, maganaɗisu a jere kusa dashi, gaba ɗayansa yake motsi lokaci guda. Amfanin haka bes ɗinsa a miƙe yake sauka kuma tsaf, kuma yana ɗaukar ƙarin bes na ikwalaiza ba tare da ya kwaɓe ba. Kuɗin da zaka biya nauyi ne, ya kusa giram 390, a awa shida wuyanka zai san da haka, sannan duk da om ɗinsa kaɗan ne yana da cin wuta.

Beyerdynamic DT 990 Pro tsohon soja ne na sutudiyo, a Jamus ake yinsa, madaurinsa ƙarfe ne mai jure wahala, kusan kowane ɓangarensa ana samun na canji, soson karammiskinsa kuma yana cikin masu laushin da na sani. Amma sautinsa an ɗaga bes na tsakiya an kuma ɗaga sama sosai a wajen 8 kHz, wannan a awo ma a bayyane yake. Ga mai neman ƙananan kurakurai a cikin rikodin yana da amfani, ga mai jin karatu awa biyar kuwa shine na ƙarshe da zan miƙa maka, sai in ka gwada ka ji kunnenka bai damu ba. Wanda aka fi sani om 250 ne, kuma wayarsa a manne take ba a cirewa.

Amfilifaya: dole ne?

A'a, ba dole bane ga kowanne, kuma om kaɗai ba ya ba da amsa. Abu biyu ake haɗawa, om ɗin da kuma yawan ƙarar da hedfon yake bayarwa da wuta kaɗan. Mai om da yawa ƙarfin boltej yake nema, irin DT 990 na 250 ko HD 600 mai 300. Mai om kaɗan amma mai nauyin tashi, irin HE400se, yawan wutar da take gudana yake nema. SHP9500 babu ruwansa da duk wannan. HD 560S a tsakiya yake, yawancin kwamfutoci suna iyawa dashi, kuma 'yar adaftar USB-C mai kyau ta ishe shi.

Gwajin mai sauƙi ne. In kana samun ƙarar da ta ishe ka boliyum yana wajen kashi 60 ko 70, babu shiiii a bayan sautin in waƙa tayi shiru, bes ba ya fashewa in ganga ta buga, toh ba ka buƙatar komai. Amfilifaya ba ya canza halin hedfon, mai kaifi zai ci gaba da kaifinsa sai dai da ƙarfi. Abu ɗaya da yake sa wasu su ji bambanci na gaske shine ramin hedfon na wasu kwamfutocin tebur yana da nasa om ɗin mai yawa, ƙa'idar da muke bi kuwa kar na ramin ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedfon ɗin, in ya wuce sai bes ya kumbura yayi laɓo-laɓo a wasu hedfon. Nan ma adafta ƙarama ta wadatar, ba sai babban akwati ba. Ka fara sayen hedfon ɗin ka ji, in da buƙata ita zata nuna kanta.

Ikwalaiza kuwa kyauta ce kuma ta fi amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba. A Windows akwai manhajar Equalizer APO, a Android akwai Wavelet, kuma shafin intanet na AutoEq yana da saitin da aka riga aka lissafa wa duk huɗun nan. Ni yadda nake yi, in ɗaga ƙasa da 100 Hz da desibel 3 ko 4, in kuma akwai kaifi in nemo wurin in rage shi kaɗan, shikenan. Ka tuna duk desibel ɗin da ka ƙara sai ka rage kwatankwacinsa a babban boliyum na cikin manhajar, in ba haka ba sautin zai riƙa fashewa. Wannan ragin yana cin ƙara, dan haka HE400se in za'a yi masa ikwalaiza kusan dole ya samu abin tuƙi mai ɗan ƙarfi.

Toh wanne

Da ni ne a kujerarka, da gilashi da awa shida da karatu da gem, HD 560S zan ɗauka, in sassauta masa matsi a satin farko in ƙara masa ɗan bes. Ba shi da nauyi, kofin yana da wuri, muryar mutum tana fita yadda take, kuma ba ya tilasta maka sayen wani abu a bayansa. In kuɗin bai kai nan ba, ko kuma kasan kanka ba ka jure matsi ko kaɗan, SHP9500 ba abin raina bane, ka dai duba maganar zurfin kofin. HE400se na wanda yafi damuwa da bes mai tsafta ne kuma wuyansa ya saba da nauyi. In kuma wataran ka samu HD 600 ko HD 650 na hannu mai lafiya a kuɗin da bai fi ƙarfinka ba, ka duba shi da kyau, wajen murya har yau da wuya a kada su, sai dai ka sa kuɗin sabon soso a lissafi kuma su om 300 ne.

Amma ban ga kanka ba ban ga kunnenka ba, kuma wannan shine abinda babu wanda zai iya auna maka daga nesa. Ka saya a inda za'a karɓa in ka mayar, ko ka ari na wani ka yini dashi. Ranar gwajin ka sa gilashin da kake aiki dashi, ka kunna karatun da ka saba ji a boliyum ɗin da ka saba, ka ci gaba da aikinka kar ka zauna kana sauraron hedfon ɗin. In awa biyu ta cika ka cire shi ka taɓa saman kunnenka, da bayan kunne inda hannun gilashi yake, da tsakar kanka. In akwai inda yake zafi a cikin ukun nan, a awa shida ninkawa zai yi, sai ka duba ko matsi ne wanda ake sassautawa ko kuwa kofin ne, in kofin ne ka mayar ka gwada na gaba.